Yunis Mai Rediyo da Ɗorawar Tasalla

Duk wanda ya zauna Funtuwa a shekarun farko na samun 'yancin kai ya san Yunis mai rediyo, ko da mutum bai taɓa mallakar rediyo ba. Rumfarsa na kan hanyar tashar jirgi, tawa rumfar ɗinkin na jikinta, don haka abin da zan faɗa ba jita-jita ba ce. Wani na gani da idona, sauran shi ya gaya mini da bakinsa.

Ɗan wani ƙauye ne a ƙasar Malumfashi, iyayensa Kirista ne manoma. Ya ɗan taɓa makarantar mishan, ya ga fartanya ba ta yi masa ba, ya gangaro Funtuwa ya koyi gyara wurin wani Bayarabe, Sikiru. Hannunsa na da kyau, ban hana shi ba. Rediyon da ta yi wata uku tana kurma, in ya zura mata ƙarfe mai zafi sai ka ji ta tashi da waƙa. Ga fara'a, ga kyauta, ranar Lahadi kuwa ko gobara ake ba ya buɗe rumfa sai an taso coci. Aibinsa ɗaya: Yunis ba ya iya cewa bai sani ba. Ko ciwon jaki ka tambaye shi sai ya ba ka amsa. Na sha gaya masa girman kai rawanin tsiya ne, ya ce tela ba ya koya wa injiniya aiki.

Wata shekara auduga ta yi kyau, Alhaji Ummaru, babban mai sayen auduga a unguwarmu, ya je Kaduna ya dawo da akwatin talabijin da ɗan injin wuta. A lokacin talabijin sabon abu ne, mu dai labarinsa muke ji. Aka kira Yunis ya kafa eriya. Shi kansa bai taɓa kafa ta ba, amma kun san mutumin. Ya samo doguwar gora, ya ɗaure eriyar a kai, ya juya ta kudu wajen Kaduna, ya ja waya ta ƙarƙashin kwanon soro har cikin ɗaki.

Bayan magariba aka tayar da inji, unguwa ta cika tsakar gidan. Murya ta fito, amma hoto babu. Sai fari da baƙi suna tsalle kamar an watsa gero a faifai, can a ciki wata inuwa tana motsi. Yunis ya ƙara gora a kan gora. Ya juya eriyar gabas, ya juya ta yamma, mutane daga ƙasa suna cewa "ya ɗan fito", "a'a ya koma". Mako ya zagayo ana abu ɗaya, har samari suka fara kiran akwatin mai yayyafi. Alhaji mutum ne mai haƙuri, amma rannan a gaban jama'a ya ce, "Malam Yunis, in abin nan ya fi ƙarfinka ka faɗa, in aika Zariya a zo da wani."

Da Yunis ya ce to, da shi ke nan. Sai ya ɗaga kai yana neman abin da zai ɗora wa laifi, idonsa ya sauka kan wata ƙatuwar ɗorawa da ke bayan katanga, daidai kudu. Ya ce, "Alhaji, ai ba akwatin ba ne, ba kuma aikina ba ne. Itacen can ne ya tare hoton. Daga Kaduna yake tahowa, ya zo ya maƙale a ganye."

Filin da ɗorawar take ciki na Alhaji ne, saye ya yi. Amma a wajenmu sayen fili ba sayen ɗorawa ba ne. Gona na iya sauya hannu sau goma, itacen yana nan na mai gadonsa, shi ke zuwa ya kaɗe abinsa duk shekara, mai gona ba ya cewa uffan. Wannan kuwa ta Tasalla ce, wata tsohuwa da mijinta ya rasu, ba ɗa ba jika. Wurin ubanta ta gaje ta. Da kalwarta take daddawa, garin ta sayar wa yara, makubar kuma mata su saya don daɓe. Rabin miyar unguwarmu daga itacen nan take samun ɗanɗano, ita kuma tsohuwar daga nan take samun tuwo ba tare da ta miƙa wa kowa hannu ba.

Alhaji bai yi mata ƙarfa-ƙarfa ba. Mai unguwa ya tura ya roƙe ta, kuma roƙon ne ya kashe mata baki. Maƙwabcin da ke aiko mata da abin buɗa baki duk azumi, yau ya nemi abu ɗaya a wurinta, da wane baki za ta ce a'a? Kara ta hana. Ta ce, "Itacen Allah ne, in shi ya tare wa Alhaji abinsa, a sare." Aka kai mata buhun dawa, aka samo izinin malamin daji.

Tsakanin maganar da saran, Yunis ya samu sarari isasshe da zai janye. Matarsa Liatu, wadda daddawar Tasalla kaɗai take yarda ta sa a miya, ta tare shi a gida ta ce, "Maigida, ka tabbata itacen nan ne?" Ya hau ta da faɗa, wai yaushe mata suka fara sanin eriya. Ni ma na yi masa magana a rumfa, ya ce in ji da allurata. Daga baya ya gaya mini a lokacin addu'a kawai yake Allah ya sa ƙaryar ta zama gaskiya.

Lokacin zafi ya fara, ɗorawar ta yi tutu jawur, alamar shekarar za ta yi 'ya'ya sosai. Masu gatari suka kama tun hantsi, sai wajen la'asar ta kwanta. Tasalla ba ta fito ba. Da magariba aka kunna akwati, yayyafin nan yana nan yadda yake, ko ƙwayar gero ɗaya ba ta ragu ba. Yunis ya ce a ba shi zuwa gobe, wai sai iska ta saba da sabuwar hanya. Har yau in na tuna wannan magana raina ɓaci yake.

Washegari ya sa tsani ya hau shi kaɗai, ya yi abin da ya kamata ya yi tun ranar farko, wato bin wayar da hannu daga sama har ƙasa. Daidai inda ya cusa ta ƙarƙashin kwano ya ji ta yi laushi. Bakin kwanon ya datse silin ƙarfe ɗaya a ciki tun ranar da ya danne ta, robar waje kuwa lafiya lau. Ya yanke wurin, ya haɗa, ya naɗe. Aikin bai kai a tafasa ruwan shayi ba. Ya ce mini ya daɗe zaune a kan kwanon nan da zafinsa, yana kallon kututturen da rassan da mata suka fara ɗiba don girki, ya kasa saukowa.

Da yamma hoto ya fito tas, har ana ganin maɓallin rigar mai karanta labarai. Alhaji ya kama hannun Yunis ya ce wa jama'a, "Kun gani? Da ya ce itacen ne wasu suna gunaguni." Sunan Yunis ya tafi har Bakori. Duk wanda ya sayi babbar rediyo shi yake nema. Kowa na yi masa barka, shi kuwa abinci ya daina yi masa daɗi, ya rame, ya sauya hanyar zuwa rumfa don kada ya bi ta ƙofar Tasalla. Da ya gaya mini gaskiyar, na ce ya je ya faɗa mata, ko ba komai ta yafe masa. Ya ce zai je. Ya yi ta cewa zai je.

Da kakar ɗorawa ta zo, ya je kasuwar Bakori kai wata rediyo, sai ga Tasalla tsugune gaban wata mai kalwa ana auna mata. Matar da ta yi shekara da shekaru tana kaɗe tata, yau ita ce a ƙasa tana roƙon a ƙara mata gyara. Ya juya zai sulale, ta riga ta gan shi.

"Ɗan nan, ba gaisuwa?"

Ya dawo ya durƙusa. "Ina wuni, Iya."

Ta dubi mai kalwar ta ce, "Kin ga wannan? Shi ne ya jawo Kaduna har cikin ɗakin Alhaji Ummaru." Sannan ta juyo gare shi. "Akwatin yana nan yana nunawa?"

"Yana nunawa, Iya."

"Tas?"

"Tas."

Ta yi ajiyar zuciya. "To madalla. Ka san da farko na kwana biyu ina kuka, don ubana ya sha ɗora ni a kafaɗa a gindinta. Amma da na ji abin ya gyaru sai zuciyata ta yi sanyi. Tunda ba a banza ta faɗi ba, na gode Allah."

Maganar tana bakinsa, ya ce har ya buɗe shi. Sai ya ga in ya faɗa, ɗan abin da ya rage mata shi ma zai sare. Ni na ce masa wataƙila tausayi ne ya rufe masa baki. Ya girgiza kai ya ce kada in yi masa ado, tsoro ne, tausayin ya zo ne ya ba shi mafaka.

Tasalla ta ɗaure bakin ƙwaryarta, ta gyara gammo, ta ce, "Taimaka ka ɗora mini, Allah ya yi maka albarka."

Ya ɗora mata, ya ce amin. Ta kama hanyar Funtuwa a ƙafa da kalwar saye a ka. Har ta bar duniya bai gaya mata ba.