Ya Kaltuma Mai Gasa Kifi a Gindin Dutse

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta tashi daga Birni zuwa Zango a Damagaram da hantsi ya san Ya Kaltuma. Tana nan a gindin babban dutsen da ke hannun dama, tsakanin randuna uku da wani falalen dutse da hayaƙi ya mayar baƙi ƙirin. Kafin rana ta ɗaga ta riga ta share wurin, ta sauya wa tarwaɗa ruwa. Da ransu ake kawo mata su a kan jaki daga tafkunan gabas, a nannaɗe cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa, kuma ba ta sa wa ko ɗaya wuƙa sai mai ci ya zo ya zauna. Daga nan sai ta hura wuta a ƙarƙashin falalen, ta jira itacen ya cinye, ya zama garwashi. Shekara ashirin da shida ke nan tana wannan aiki. A bana ta ajiye shi, ta miƙa wa surukarta Maryam. Shi ya sa ni Idirisu, mai rubuta wa fatake wasiƙu a Zango, na ga bai kamata a yi shiru ba.

Mutuniyar Barno ce, a bakin kogin Komadugu aka haife ta. Ta zo Damagaram tare da mijinta Modu, mai fataucin bandar kifi, kuma shekararsu biyu da zuwa Allah ya yi masa rasuwa, ya bar ta da goyo. A lokacin matan gari abu biyu suka sani game da kifi: ko a soya shi da man gyaɗa, ko a jefa banda cikin miya. Gashi kuwa aikin maza ne, na mahauta. Ita sai ta tuna yadda masunta ke yi a garinsu, ta ɗora kifi a kan dutse mai zafi.

Abin da ya sa aka fara maganarta shi ne shafin da take yi masa. Takan jiƙa tsamiya ta tace, ta daka busasshen dabinon da ayari ke kawowa daga Kawar, can cikin hamada, ta haɗa da barkono da citta da daddawa da gishirin Manga, ta dafa har ya yi kauri kamar zuma. Idan kifi ya fara nuna sai ta ɗauki tsinken kaba da ta daddake bakinsa, ta shafa, ta juya, ta sake shafawa, har bayansa ya yi ja yana ƙyalli.

Gambo mai tsire, wanda tukubarsa ke tsallaken hanya, shi ya fi kowa yi mata dariya. Ya taɓa ɗaga murya a gaban jama'a ya ce, "Ya Kaltuma, kifi kike gasawa ko alewa? Wa ya taɓa ganin dabino a jikin tarwaɗa?"

Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Gambo, ranar da ka ci sai ka yi magana."

Sai da ya shekara yana kallon mutane suna wuce tukubarsa kafin ya tsallako. Waɗanda ke wurin sun ce ya cinye har kan kifin, sannan ya tambaye ta abin da take sawa. Ta lissafa masa duka, ba ta ɓoye ko ƙwayar citta ba. Yau shi ma da shafin yake gasa kaji, kuma da bakinsa ya ba ni wannan labari.

Ba zan ce ba ta da faɗa ba. Tana da shi. Ni kaina na taɓa ce mata ta hanzarta, ina da wasiƙar da zan ƙarasa, ta ce, "Malam, in sauri kake yi, ga tsire can." Na zauna na jira.

Amma ba don daɗin kifi na ɗauki alƙalami ba. Na ɗauka ne saboda abin da ya faru shekarar da damina ta yanke hatsi bai fitar da kai ba. Tafkuna suka ƙafe, randunanta suka zauna wayam. Wata rana Habu, mutumin Hamdara da ya saba kawo mata kifi, ya iso da jakinsa babu kaya, ya durƙusa ya ce sallama ya zo yi mata.

"Inna, garinmu zai watse. Anzar daji mai ɗacin nan muke ci, ita ma ta kusa ƙarewa. Matata Shatu nononta ya ƙafe, ga jaririya."

Ta ce, "Tafkin naku ya bushe har tsakiya?"

"Har ya tsattsage."

"Ka ga wasu 'yan ƙananan ramuka a kan lakar, kamar an soka tsinke?"

Ya ce ya gani. Ta tashi ta ƙulle tsamiya da gishiri da barkono a tsumma, ta ce ya sa ta gaba.

Abin da ya biyo baya daga bakin Habu da Shatu na ji shi, kuma na tambayi limamin garin ya tabbatar. Da suka isa ba ta shiga gida ba, tafkin ta nufa. Ta riƙa tafiya a kan busasshiyar laka a sunkuye, in ta ga rami ta ce a haƙa. Kamu ɗaya a ƙasa sai ga gaiwa, kifin nan mai dogon jiki da ke binne kansa cikin laka ya kwanta har ruwa ya dawo. Mutanen garin sun san gaiwa, amma ba sa cin ta. Suna cewa ta yi kama da maciji, ga yauƙi, ga ƙarni. Wasu ma suka ce haramun ce, sai da liman ya fito ya ce kifi ce kamar kowane kifi.

Babu mai, babu itace, ruwan rijiya kuma na sha ne kawai. Sai ta goge yauƙin da toka, ta farke cikinta, ta cusa tsamiya da gishiri da barkono a ciki, ta ɗebo ɗanyar laka daga ƙasan ramin ta lulluɓe kifin gaba ɗaya kamar mai ginin tukunya. Ta sa aka tara busasshen kashin shanu da kara aka cinna, ta binne curin a cikin rushi. Da lakar ta ƙone ta fasa da dutse. Fatar ta bi laka, fari tas ɗin naman ya fito yana tururi.

Jama'a suka tsaya cirko-cirko, babu wanda ya miƙa hannu. Ta yi bismilla ta ci a gabansu, sannan ta gutsura ta miƙa wa Shatu.

"Ci, 'yata. Ba don ke ba, don wadda ke bayanki."

Shatu ta ce da ido a rufe ta haɗiye lomar farko, ta biyu kuwa da kanta ta ɗauka. Bayan kwana huɗu nono ya kawo.

Daga ranar gari ya koma tafki, maza na haƙa, mata na cura laka. Da aka cinye gefen yamma da tsakiya, sai Ya Kaltuma ta ja layi da sanda ta ce gefen gabas ba za a taɓa ba. Wani magidanci mai suna Lawali, wanda ya binne mahaifiyarsa a wannan mako, ya zo da fartanya ya ce ta kauce.

"Ke baƙuwa ce. Gobe za ki koma birni. Mu ne muke binne namu."

Ta zauna daram a kan lakar ta ce, "Gaskiya ka faɗa, ɗana, kuma Allah ya jiƙan ta. Amma in kuka haƙe wannan, da ruwa ya dawo babu abin da zai haihu a tafkin nan. In za ka haƙa, fara ta inda nake zaune."

Ya daɗe a tsaye da fartanya a hannu, sannan ya jefar da ita ya fashe da kuka. Washegari ita ta ja shi tare da wasu maza shida zuwa wata fadama da ke wuni guda daga garin, suka dawo da jakuna biyu cike da gaiwa. An yi rashi a Hamdara shekarar nan, wasu gidaje kuma sun tashi ba su dawo ba. Amma garin bai watse ba, kuma da ruwan farko ya cika tafkin, an ga gaiwa tana motsi a gefen gabas.

Ya Kaltuma, ke ce kika bar wurin sana'arki kika tafi inda ba ki da dangi. Ke ce kika ci abin da ake ƙyama don mai jego ta samu ƙarfin ci. Uwar masu yunwa, 'yar Komadugu, ba a taɓa yi miki kiɗa ba, ba a naɗa miki komai ba, kuma ba ki nema ba.

Jiya na je gidanta na karanta mata wannan takarda. Hayaƙi ya ci idanunta, sai da na faɗi sunana ta gane ni. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Malam, ka cika ƙari. Ni nuna wuri kawai na yi. Ka rubuta cewa matan Hamdara ne suka yi aikin, har faratansu suka zube." To, ga shi na rubuta.

Mun gode, Ya Kaltuma. Allah ya saka miki da alheri, ya sa ki gama lafiya. Ku kuma masu karatu da masu saurare, duk wanda Allah ya sanar da shi wani abu, kome ƙanƙantarsa, kada ya riƙe shi a ciki, ya kai shi inda ake bukata. Gidanta na bayan masallacin Barebari, mai ƙofar kara. Ku je ku gaishe ta tun tana ji, kuma in kun yi sallama ku faɗi sunanku.