Na Riƙa Auna Fakitin Katunan Besbol Kafin In Sayar

Ranar wata Juma'a ce, da misalin ƙarfe biyu da rabi na rana. Mu biyu ne a shagon, ni da wani dattijo ɗan Ghana, direban bas da ya yi ritaya. A lokacin ina tsare wa yayana shagonsa a unguwar Tremont, can ƙasar waje inda muke ci-rani, muna sayar da turare da ganyen shayi da ƙananan kaya. Ni kuma tun zuwana daga Nijar na kamu da tara katunan 'yan wasan besbol, wato wasan buga ƙwallo da sanda, ko da yake ban taɓa riƙe sandar wasan ba. Ni na matsa wa yayana ya fara saro su.

Ga wanda bai sani ba, kwali ɗaya yakan zo da fakitoci da yawa a liƙe, ba wanda ya san abin da ke ciki. Yawancin katunan gama-gari ne. Jefi-jefi akan sami wanda aka manna wa ƙyallen rigar ɗan wasa. Shi kowa ke nema, kuma ya fi sauran kauri, saboda haka fakitinsa yakan ɗan fi nauyi. Muna da ƙaramin sikelin auna turare. Duk sabon kwalin da ya iso, sai in buɗe shi kafin masu saye su zo, in ɗora kowane fakiti a sikeli, in saye masu nauyin, in jera sauran a kanta. Na riƙa gaya wa kaina cewa ba sata ba ce tunda ina biya.

Dattijon nan kullum Juma'a yakan biyo daga masallaci ya sayi fakiti ɗaya. A gabana yake buɗewa, a hankali, yana karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya. Kusan shekara biyu bai taɓa samun komai ba. Yakan yi dariya ya ce hannunsa ya tsufa a kan sitiyari, sa'a ta daina gane shi. Ni kuwa in ce masa, Baba, mako mai zuwa rabonka ne. Na san ba haka ba ne.

A waccan Juma'ar da na fara ambata, motar kaya ta makara. Na buɗe kwalin ke nan, na kasa fakitocin gida biyu, sikeli na gabana, sai na ji sallamarsa. Bai tambaye ni abin da nake yi ba, domin ya riga ni sanin harkar. Ya daɗe yana duban kantar, sannan ya ce, "Ɗana, daga wane kashi ka riƙa ba ni?"

Na tura masa masu nauyin duka, na ce ya ɗauka kyauta. Ya mayar mini da su da yatsa ɗaya. Ya ce shi ba takarda yake saye ba, ɗan lokacin nan yake saye da bai san abin da zai fito ba, kuma ya ɗauka mu biyu ne ba mu sani ba. Ya yi mini sallama kamar kullum, ya fita.

Katunan suna nan cikin akwati a ɗakina, na gaji da ko kallonsu. Abin da na fahimta shi ne, biyan kuɗin kaya ba ya wanke mutum idan ya sayar wa wani begen da ya riga ya cire. Ina jan hankalin 'yan'uwa masu tsaron shago da masu tara kaya irin nawa: duk dabarar da ba za ka iya yi a gaban mai saye ba, ka bar ta.

Bai gaya wa yayana ba, bai gaya wa kowa a masallaci ba. Har yau yana amsa gaisuwata idan mun haɗu. Bai sake shiga shagon ba.