Tulun Iskar Yaya Bashir

Na shigo gidanmu a Ƙuba, ƙarshen shekarun tamanin, na tarar Yaya Bashir yana goge tulun iskarsa na nutso. Wai an ƙara masa oksijin, gobe a tekun Yanbu zai kai zurfin da bai taɓa kaiwa ba.

Na ce, "Ya shaikh, wannan jahilci ne! Na karanta, ƙarin oksijin daɗewa a ruwa kawai take sa ka yi. Ka zurfafa da ita, farfaɗiya ce a ƙarƙashin ruwa."

Ya ce, "Kai da ko birka, ɗan tafkin ban-ruwan gonar dabino, ba ka taɓa shiga ba?"

Hajiya, mahaifiyarmu, ta kwantar da tulun, ta zauna a kai. "Halas, magana ta ƙare. Mai son nutso ya fara ɗaga ni."

Karatuna bai tsayar da shi ba, Hajiya ta tsayar. Ku wa ke tanƙwara masu taurin kan gidanku?