Injin da Bappa Ya Zaɓa a Jos

A shekarun da kuɗin man fetur suka fara zagaya ƙasa, Gombe ta cika da taraktoci. Gwamnati na bayar da haya, manyan 'yan kasuwar auduga na sayen nasu, har tsofaffin ma'aikata kowa na so a ce ana yi masa huɗa da inji. Ni kuwa a lokacin na bar aikin kanikanci na gwamnati, na buɗe ɗan garejina a bakin hanyar Malam Inna, inda a wancan zamani gonaki suka fi gidaje yawa.

Sababbin gonakin da ake sharewa cike suke da kututture, direbobin kuma yawancinsu jiya-jiya suka koyi tuƙi. Tarakta za ta fita da safe lafiya lau, kafin azahar a jawo ta ƙarfen ƙafafun gaba a karkace, ko sandar jan garma ta lanƙwashe kamar lauje. Sabon ƙarfe sai an aiko da shi daga ƙasar waje, kafin ya iso damina ta wuce. Saboda haka duk abin da ya lanƙwashe, miƙar da shi ake yi.

Mai wannan aikin a wurina shi ne Bappa, ƙanen mahaifina. Maƙeri ne tun tasowarsa kamar sauran danginmu, ni kaɗai na kauce na bi mota. Da cinikin fartanya ya ja baya na roƙe shi ya dawo gareji, ya zo da zugazuginsa na fatar akuya da wata ƙatuwar guduma. Muka haƙa masa ramin wuta a gindin darbejiya, guntun ƙarfen titin jirgi ya zama uwar maƙerarsa. In ƙarfe ya yi ja, ni da direban da ya kawo aikin mu riƙe, shi kuma ya yi ta duka yana wani gurnani a maƙoshi. Can sai ya ɗaga ƙarfen, ya rufe ido ɗaya ya hango tsawonsa, ya mayar wuta. Manoman Kagarawal kan zauna a kan benci suna kallo suna hirar ruwan sama. Da rana Goggo, matarsa, ta aiko da fura a ƙwarya, kowa ya sa ludayi.

Wata rana a farkon damina Bappa ya ɗaga gudumar, sai ta suɓuce masa ta baya ta faɗa cikin duron ruwa. Mutanen benci suka kwashe da dariya. Shi bai yi ba. Ya tsaya yana duban hannunsa na dama, sannan ya ce a tashi haka nan, zafi ya yi yawa.

Da na je gaishe su da yamma, Goggo ta ja ni gefe ta gaya mini cewa kafaɗar nan ta daɗe tana damunsa, ko kabbarar salla da ƙyar yake ɗaga hannun. Kullum sai ta gasa masa da ruwan zafi ta shafa man shanu, ya kuma hana ta faɗa wa kowa.

Na san akwai injin da ke danne ƙarfe ya miƙar da shi ba tare da duka ba, na yi aiki da irinsa a garejin gwamnati. Na yanke shawarar saye. Da na gaya wa Bappa, washegari bai zo aiki ba, haka ma ranar da ta biyo. Na same shi a zaure yana gyara ƙotar wata tsohuwar fartanya.

“Tarakta ta raba ni da ƙirar fartanya, na haƙura,” in ji shi, bai ko ɗago kai ba. “Yanzu kuma za ka kawo abin da zai raba ni da guduma. In ka gaji da ni ne, ɗana, ka faɗa mini kawai.”

Na ce masa injin ba shi da ido, sai an sami wanda ya san inda ƙarfe ya karkace. Na ce in ya yarda mu tafi Jos tare, shi zai zaɓa, tun da shi zai yi aiki da shi. Ya daɗe yana jujjuya ƙotar, daga baya ya tambaye ni ko jirgin ƙasa na tsayawa a yi salla.

Bai taɓa shiga jirgi ba, ko da yake kullum yana jin kukansa. Ya naɗe wata lanƙwasasshiyar sandar tarakta a buhu ya rungume ta har muka isa, wai da ita za a gwada. Sanyin Jos ya sa ya yafa bargo a kan babbar riga, haka muka yi ta yawo cikin gari.

Mun fara da wani babban kanti mai sayar da sababbin injuna. Can na ga wanda raina ya so, ja, mai sheƙi, mai aiki da lantarki. Mai kantin ya danna maɓalli, injin ya yi ƙara ya sauko a kan wani guntun ƙarfe, kafin ka ce me ya lotsa shi. Bappa ya ja da baya, ya ƙi ko kwance buhunsa. Da muka fito ya ce abin da ke sauri haka ba zai jira mutum ya duba ba.

Wani direba ne ya kwatanta mana filin da ake sayar da tsofaffin kayan kamfanonin haƙar kuza. A can, cikin ciyawa, muka tarar da wani baƙin inji dogo, ya fi mutum tsawo, mai ƙafafu biyu da jak a sama, ana bugunsa da hannu kamar famfon rijiya. Mai gadin filin ya zuba masa mai. Bappa ya ajiye bargo, ya kwance buhu, muka ɗora sandar. Ya kama mariƙin da hannun hagu ya fara bugawa a hankali, ya ɗora tafin damansa a kan sandar. Ƙarfen ya soma miƙewa, ba wuta, ba duka. Ya tsaya, ya saki, ya duba, ya ƙara kaɗan.

“Wannan yana jin magana,” ya ce.

Na yi ta kawo masa dalilai. Na ce tsoho ne, yana yoyon mai, ga nauyi, ga rashin sauri, kuma an ce lantarki na dab da isowa unguwarmu. Duk ya saurara, amma hannunsa na kan mariƙin bai cire ba. Rabon da in ga fuskarsa a sake haka tun kafin ranar gudumar. Ban gamsu ba, amma shi muka saya.

Abin da na faɗa duk ya tabbata. Da babbar mota ta kawo shi Gombe, ya ƙi shiga ƙofar gareji, sai da muka rushe gefen bango, 'yan dako da maƙwabta suka taru ana turawa a kan bututu ana salati. Yoyon mai kuwa sai da wani baduku ya yanka mana fata muka toshe. A makon farko Bappa ya danna wani ƙarfen zubi, irin wanda ba ya lanƙwasa, ya tsage gida biyu da ƙara kamar bindiga. Mai taraktar, wani dattijo Batangale, ya dubi guntayen ya ce ai dama shi ma bai taɓa ganin an koyi abu ba a yi ɓarna ba, ya tafi ya aro na wani. Tun daga nan Bappa kan ƙwanƙwasa ƙarfe ya saurari amonsa kafin ya ɗora.

Yaran unguwa suka raɗa wa injin suna Raƙumin Bappa, sunan ya bi shi. Aka yi masa kujera mai tsawo a gefensa. Bai kashe wutar ramin ba, don manyan ƙarafa sai an ɗan gasa su tukuna, amma duka ya ƙare. Daga Kumo da Dukku da Bajoga ake kawo masa aiki, in layi ya yi tsawo ba ya ƙara sauri, sai dai ya ƙara hira.

Daga baya lantarki ya iso, aiki ya yi yawa, na sayo irin jan injin nan na kafa a ɗaya gefen. Bappa ya zagaya shi ya yaba fentinsa, bai taɓa danna maɓallinsa ba. Ya ci gaba da zuwa har ƙafa ta gaza, sannan na riƙa ɗauko shi a babur ina mayar da shi. A wata damina ya kwanta ciwo, bai tashi ba. Ranar jana'izarsa taraktoci suka jeru tun daga ƙofar gida har bakin titi, wasu da laka a ƙafafunsu, daga gona direbobin suka taho da suka ji labari.