Tsohuwar Kwamfutar Malam Garba

Kano zuwa Ƙaraye

Ƙarfe biyar da rabi, ina sallame asuba, na rataya jakar kayan aikina na nufi tasha. Jiya da yamma Malam Garba ya kira ni daga Rogo. Shi ya koya mini karatu a firamare kafin ya koma magatakarda. Ya ce kwamfutarsa in an kunna sai ta nuna baƙin allo, ta ce ba ta ga rumbun ajiyarta ba, kuma duk hirarrakin da ya naɗa da dattawan yankinmu suna ciki. Yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya.

Motar ba ta cika ba sai shida da kwata. Shinge biyu muka wuce kafin Gwarzo, a na biyun aka sa na buɗe jaka, jami'in ya juya sukundirebobina ya mayar. Takwas da minti goma muka shiga Ƙaraye. Na karya da waina a bakin tasha, daidai inda mahaifina yake ɗaure kekensa in ya kawo ni cin kasuwa daga ƙauyenmu Yola. Tsamiyar wurin an sare ta, shagon caji ne yanzu.

Ƙaraye zuwa Rogo

Tara saura muka tashi, mu shida a ƙaramar mota. Direban ya tambayi asalina, na ce ɗan Jauro Bello ne. Ya ce ya san shanunmu, farare, masu saukowa rafi da hantsi. Na ce masa yau ko ɗan maraƙi babu. Goma saura kwata muka isa Rogo.

Rogo

Malam ya tsufa ƙwarai. Mun daɗe muna gaisawa, sai da na sha fura sannan ya yarda na taɓa kwamfutar. Aka tayar da janareto, na shiga saitinta, lalle ba alamar rumbun. Na kara kunne na ji yana juyawa, sai hankalina ya ɗan kwanta. Da na kwance murfin na tarar zanzaro ya yi gini a kan wayar da ta haɗa rumbun da allon ciki, laka ta cinye bakinta. Na share, na sa sabuwar waya, na canza ɗan batirin da ke riƙe mata saiti. Sha biyu da minti ashirin ta tashi.

 Malam ya jawo kujera, ya lalubo wani fayil ya danna. Sai muryar Baffana, mahaifina, ta cika ɗakin, yana lissafa burtalolin da suke bi da shanu daga Zoza zuwa Ruwan Bago, yana Hausa yana zamewa Fillanci, yana dariyar nan tasa. Shekara tara rabona da jin ta, tun rasuwarsa.

"Malam, ban san kun yi hira da shi ba."

"Da na gaya maka, Nasiru, da hannunka ya yi rawa."

Na kwafe komai a filash biyu na ajiyar fayil, ɗaya nasa, ɗaya nawa.

Komawa gida

Bayan la'asar na kamo hanya, na iso Kano ana kiran isha'i. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Malam da iyalinsa. Na kunna wa Inna, mahaifiyata, hirar Baffa a waya. Ta saurara har ƙarshe ba ta motsa ba, sannan ta ce Baffa ya manta burtali ɗaya, wanda ya bi ta ƙofar gidan iyayenta.