Jirgin Ƙarfe Shida

Ranar Talata ce cikin Oktoba, kwana na uku ana tafka ruwan sama a kan duwatsu. Yolima ta tashi ƙarfe huɗu da rabi kamar kullum. Daga ɗakina ina jin ta tana laluben takalmin robarta a ƙarƙashin benci, tana yi wa kyanwa faɗa. Uwarta, Ofir, ta riga ta ɗora kofi. Ni ban fito ba sai biyar da kwata.

Aikina ƙarami ne. Tun da na yi ritaya daga koyar da lissafi nake sakataren kwamitin jirgin ruwan garinmu, Tres Bocas. Kowace safiya nakan tsaya a kan gadar katakon da ake shiga jirgi, da agogo a hannu, in tabbatar jirgi ya tashi ƙarfe shida daidai. Yolima 'yata ce, ita kaɗai gare mu, kuma ita ce matuƙiya. Shekararta talatin da huɗu. Tara daga ciki ta yi su tsaye gaban injuna biyu, tana kai mutum ashirin da huɗu birnin Buenaventura cikin minti hamsin da biyar, ta komo da su da yamma.

Biyar da rabi ta fara zaunar da fasinjoji. Ba ta barin kowa ya zaɓi wuri, don gaban jirgi ya fi dukan ruwa.

"Doña Marciana, koma baya. Gaba na masu sauran ƙashi ne."

"Ke 'yar nan, ni kike kira tsohuwa? Ranar da aka haife ki ni na dafa ruwan wankanki."

"Shi ya sa nake so ki isa birni ƙugunki bai rabu biyu ba. Rigar ruwan nan kuma sawa ake yi, ba zama a kai ba."

"To bencin naku ne kamar dutse! Ki gaya wa ubanki ya sa mana katifa, tun da shi ne gwamna."

"Ga shi nan tsaye, gaya masa da kanki. Amma ki zo da takarda, kunnensa ba ya jin maganar baki."

Aka yi dariya, har da ni. Marciana ta zaro rigar hana nutsewar daga ƙarƙashinta tana gunaguni, ta ɗaura.

Shida daidai na ɗaga hannu, suka tashi. Daga gadar ana hango inda koginmu ke shiga teku, kuma a nan akwai tudun yashi a ƙarƙashin ruwa. Yawancin kwanaki ba komai ba ne. Amma idan wata ya cika, ko ya ɓata, teku kan cika sosai da asuba, sannan ta janye da ƙarfi. A irin waɗannan ranaku ƙarfe shida kan faɗo daidai lokacin da ruwa ke gudu waje, ya yi karo da igiyoyin da ke shigowa, su miƙe tsaye a kan tudun. Yolima takan rage wuta ta tsaya daga ciki, tana ƙirga igiyoyin, sai ta ga sarari ta danna. Takan jira minti ɗaya, wani lokaci biyu. Ran nan ta jira huɗu. Na duba agogo, na lura, na tafi gida na karya kumallo.

Abin da ta yi a birni daga baya na tattaro shi, daga bakin waɗanda suka gan ta. Bakwai ta sauke mutane. Takwas ta karɓo wa kawunta Nemesio maganin hawan jini. Tara da rabi tana layi a wani ofis da takardun haihuwar jikan wata mata da ba ta iya karatu ba. Rabin garinmu haka suke aikenta, ba ta taɓa cewa ba aikinta ba ne. Sha biyu ta ci shinkafar kwakwa da soyayyen kifi a rumfar da take ci kullum, ta ce wa mai rumfar gishiri ya yi yawa, ta kuma cinye tas. Daga ɗaya zuwa biyu ta yi barci a bencin baya na jirgi, hula a fuska.

Ba wannan rayuwar na shirya mata ba. Tana da kan lissafi fiye da duk ɗaliban da na koyar cikin shekara talatin da ɗaya. Na tura ta jami'a a Cali, inda ni ma na yi, ta karanta aikin injiniya. Bayan shekara ɗaya da rabi ta sauko daga wani jirgin katako da akwatinta, ta ce ba ta komawa. Ba ta faɗi jarrabawa ba, na bincika. Cewa ta yi a can ba ta sanin ko ruwa ya cika ko ya janye, kuma hakan na hana ta barci. Kusan shekara na yi ba na ce mata komai sai gaisuwa. Ita kuwa ta bi Nemesio, yayan uwarta, kamun kifi. A wurinsa ta koyi sanin zurfi daga launin ruwa, da jin guntun icce a gaba tun kafin a gan shi. Da gari ya haɗa hannu aka sayi jirgin, maza uku aka gwada kafin ita. Tsofaffin mata ne suka ce su dai a ba su 'yar Malam, ita ce ba ta karya musu baya.

Ƙarfe shidan kuma nawa ne. A da, duk mai zuwa birni ruwa yake bi: yau a tashi huɗu, jibi tara, wata rana sai azahar. Mutum ya jira wata huɗu a ba shi ranar ganin likita, ya isa an kira sunansa an wuce, kuma ba wanda za ka ce wa teku ce ta riƙe ka ya saurare ka. Na sha raka marasa lafiya na ga yadda ake kallonmu. Don haka a taron farko na tsaya kai da fata cewa jirginmu da agogo zai yi aiki. Na rubuta doka: shida daidai, kuma ba a canza lokaci sai da sanarwar kwana uku, saboda mutanen ƙauyukan sama da ke tuƙo kwale-kwale awa biyu kafin su iso mu. Har yau ina ganin dalilin yana da kyau. Shekara tara babu wanda ya rasa likita saboda mu.

Uku ta baro birni. Huɗu saura biyar ta ɗaure jirgi. Ta wanke injuna da ruwan daɗi, ta shanya rigunan ruwa a kan igiya, ta tsaya ta daɗe tana kallon kogi. Ya yi ja, yana ɗauke da rassan itace.

Shida da rabi muka zauna cin abinci, mu uku. Miyar kifi ce da dafaffiyar ayaba.

"Baba, gobe mu tashi biyar," in ji ta.

"Saboda me?"

"Wata ya cika, ga kogi ya kawo. Yau sai da na sake ƙirga sau uku kafin in sami hanya. Da biyar ruwa na nan cike, ko Doña Marciana aka ba tuƙi za ta wuce."

"Mutanen sama fa? Su iso biyar da rabi su tarar da gada wayam?"

"A aika musu."

"Yanzu? Waya ba ta kai can, kin sani. Kuma doka ta ce kwana uku."

"Wa ya rubuta dokar?"

"Kwamiti."

Ta juya wajen uwarta. "Inna, tambayi kwamiti ko yana son ƙarin miya."

Ofir ba ta yi dariya ba. Ta ajiye ludayi ta ce, "Aristarco, ka dai ji abin da yarinyar nan ta ce."

Na ji. Akwai tambayoyi da dama da zan iya yi. Zan iya cewa me Nemesio ya gani, ko mutum nawa ake sa rai daga sama, ko kuma in ce ke ce matuƙiya, yi yadda kika gani. Amma na yi mata irin tambayar da na saba yi wa yara a gaban allo, wadda amsarta i ce ko a'a.

"Za ki iya wucewa da shida, ko ba za ki iya ba?"

Ta dube ni. Na san kallon, shi ta yi mini ranar da ta sauko da akwati.

"Na taɓa kasawa?" ta ce. Ta ɗauki kwanonta ta kai bayan gida ta wanke. Takwas ta kwanta.

Ranar Laraba mutum ashirin da uku suka shiga. Daga ƙauyukan sama mutum biyu ne kawai. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana jan igiyar rigar kowa, ta kuma hana a rufa babbar ledar da ake ja a kan kawuna saboda feshin ruwa. Wani saurayi ya ce za su jiƙe. Ta ce, "Gishiri ne kai?" Da ta zo wucewa kusa da ni ta ce, "Malam Sakatare, ƙarfe nawa?" Na ce saura minti biyu. Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Shida daidai na ɗaga hannu. Shida da minti bakwai ta tsaya daga cikin bakin kogi. Ta jira minti shida. Na ji injuna sun ɗauka, na ga gaban jirgi ya hau igiya ta farko ya sauka. Ta biyu ba daga gaba ta zo ba, daga gefe ta zo. Ƙarar injunan ta yi sama, sannan ta yanke. Shida da minti goma sha huɗu.

Masunta suka fita da duk abin da ke da inji. Cikin minti arba'in an tsamo mutum ashirin da uku, duka da ransu, duka da riga a ɗaure. Mutum biyu sun karye, wata mata ta rasa haƙora. Yolima tana baya, inda injuna suke, kuma a kanta jirgin ya kife. Ranar Juma'a da hantsi matan da ke tonon katantanwa a laka suka same ta tsakanin saiwoyin itatuwan bakin teku, nisan kilomita uku kudu da gari. Likita ya ce bugun da ta samu a ka ya isa, da wuya ta san ta shiga ruwa. Na tambaye shi ko ya tabbata. Ya ce shi dai "da wuya" ya ce.

Aka yi addu'ar kwana tara. Waɗanda aka tsamo duk sun zo, kowa ya kama hannuna ya ce 'yata ce ta cece shi. Babu wanda ya san maganar da aka yi wajen cin abinci sai ni da Ofir.

Mako uku bayan nan, da aka gyara jirgi aka sami sabon matuƙi, kwamiti ya zauna a ajin makaranta. Nemesio ya miƙe, hula a hannu, ya ce yana roƙo a riƙa tashi biyar a kwanakin babban ruwa. Na ce, don aikina ne in ce, to sanarwar mutanen sama fa? Wani dattijo daga can, Don Eustaquio, ya dube ni cikin ladabi.

"Malam, wace sanarwa kuma? Wata ai a sama yake, mu ma muna ganinsa. In ya cika mu zo da wuri, shi ke nan."

Ba wanda ya yi musu. Aka ɗaga hannu, na ƙirga, na rubuta. Daga miƙewar Nemesio zuwa zamansa minti huɗu ne.

Ban ajiye aikin ba, don babu wanda ya nemi in ajiye, kuma da na ajiye sai an tambaye ni dalili. Ina zuwa gada kowace safiya. Mutane na gaishe ni da tausayi. Wani lokaci nakan so wani ya tsaya a gabana ya faɗi abin, ko da a tsakiyar kasuwa ne, amma mutum ɗaya ce ta san shi, kuma ba ta faɗa. Ofir tana dafa mini abinci, tana wanke mini kaya, tana amsa duk abin da na tambaya. Ta dai daina zama in ina ci.

Ɗakin Yolima ya yi wata biyu a rufe. Wata Asabar da safe Ofir ta buɗe shi, ta kira ƙannenta mata biyu, kamar yadda ake yi. Ina zaune a baranda, ƙofa a buɗe, ina jin komai. Rigunan coci aka ba 'ya'yan ƙannen. Akwatin sifanu da filaya aka kai wa sabon matuƙi. Rediyonta Nemesio ya ɗauka, tare da ragar da suka fara saƙawa ba su gama ba. Littattafan jami'a, da ban san ta ajiye su ba, goma sha ɗaya ne, a naɗe cikin leda saboda laima. Aka kai su makaranta. Doña Marciana ta aiko tana roƙon ko ɗankwali ne, aka ba ta shuɗi. Sarƙar baftisma Ofir ta sa a wuyanta. Katifa aka ba wata mai jego a ƙauyen sama, gadon kuma aka kwance aka jingina a bayan gida.

Kafin azahar sun gama. Ofir ta share ɗakin, ta goge ƙasa, ta bar taga a buɗe. Ta fito ta wuce ta gabana da bokiti ta zubar da ruwan a gindin kwakwa. Ni ba ta ba ni komai ba, ban kuma tambaya ba.