Famfon da aka ce ya ƙone ya amsa kira

Jama'a, yau mataccen famfo ya yi mani magana!

Kun san tun da aka rufe ramin haƙar yuraniyom na Akokan gyaran lantarki nake ɗan taɓawa. To, ƙungiyar 'yan garka suka kira ni, wai ruwa ya ja baya. Famfunansu huɗu waya ɗaya ta haɗa su, kowane da lambarsa. Shugabansu, Alhaji, ya ce, "Uku za ka duba, na huɗun ya ƙone tun bara."

Na jona ordinata, wato kwamfuta, da wayar famfunan, na daidaita manhajar da ke sauraren wayar, na sa ta kiran lambobi. Ɗaya ya amsa. Biyu da uku ma. Sai ga huɗu! Na ɗauka kuskurena ne, na sake. Huɗu dai, har yana faɗin ruwan da yake turawa!

Ni da Gali, wani ɗan garka da albasarsa ta bushe ƙamas, muka bi sawun wayar cikin rairayi. Ashe an kwance fitilar famfon, an karkatar da tiyo, amma an manta da siririyar wayar nan. Tiyon ina ya nufa? Bayan katangar Alhaji! Tumatir kore shar, har da kwamin shayar da raƙuma!

Gali ya dafe kai. "Wallahi awakina na saida saboda rashin ruwan nan!"

Sai ga Alhaji ya fito, ko kunya. Ya jawo ni gefe, ya ce, "Ɗana, ba ka iya ce wa injin naka ya yi shiru?"

Shiru?! Na bar ordinatar a jone, huɗu na ta ƙyaftawa. Gali ya nufi masallaci ya kira 'yan garka su zo su gani, yanzu suke sallame la'asar.